Allon Kakanni da Hukuncin Fafaroma: Rikicin da Ya Raba Cocin Katolika da Fadar Sin

A gidan duk wani mai mutunci a ƙasar Sin a ƙarni na 17 akwai wurin da ba a wasa da shi. Tebur ne a zaure ko a ɗakin zuri'a, an jera ƙananan alluna na katako a kansa, kowanne da sunan wani mamaci: uba, kaka, kakan kaka. Ranar sabuwar shekara, ko ranar da mamacin ya zagayo shekara da rasuwa, sai a ajiye shinkafa da nama da giya da 'ya'yan itace, a kunna kyandir da turaren wuta, babban ɗa ya shige gaba, ƙanne su biyo baya bisa girman shekaru, kowa ya durƙusa ya kai goshi ƙasa. In an gama, a kwashe abincin a ci tare. Tambayar da ta hana cocin Katolika sakat ita ce: wanda ya karɓi baftisma zai iya ci gaba da wannan?

Mutum zai ce ai limami ɗaya ya isa ya amsa ta a zama ɗaya. Amma daga hukuncin farko a 1645 zuwa na rufe baki a 1742 an yi kusan shekara 100 ana ja-in-ja, maganar ta ratsa hannun fafaroma bayan fafaroma, ta haɗa birnin Rum, mazaunin fafaroma, faɗa da Sarkin Sin Kangxi, kuma ba a sauya amsa ba sai a 1939.

Mafarin lamarin Matteo Ricci ne, ɗan Italiya, limami a ƙungiyar Jesuit. Ya sauka Macau, tashar jiragen ruwan Fotugal a gaɓar kudancin Sin, a 1582, a shekarar da ta biyo shi da abokin aikinsa Michele Ruggieri suka samu izinin zama a garin Zhaoqing da ke kudu. Shugabansu a gabashin Asiya, Alessandro Valignano, ya riga ya gane cewa Sin ba ƙasar da za a shiga da ƙarfin tuwo ba ce, don haka ya ce a koyi harshe, a koyi ladabin mutane. Da farko suka aske kai suka sa rigar sufayen addinin Buddha, a zatonsu shigar malaman addini ke nan. Sai daga baya suka lura cewa masu faɗa a ji ba sa ganin sufayen da gashi. Masu daraja su ne malaman da suka haddace littattafan Konfushiyas, babban malamin hikima na Sin ta dā, suka ci jarrabawar gwamnati, suka zama alƙalai da hakimai. Wajen 1595 Ricci ya bar gemu da suma, ya koma doguwar rigar siliki irin tasu. Ya karanci littattafansu har yana kafa musu hujja da su, ya zana musu taswirar duniya da Sinanci, ya isa Beijing a 1601 da kyautar agogo ga Sarki Wanli, ya fassara sashen farko na lissafin Euclid tare da Xu Guangqi, babban jami'in da ya karɓi baftisma a 1603. Da ya rasu a 1610, sarki ne ya ba da filin kabarinsa a Beijing.

Matsayin Ricci kan alluna ya samo shi ne daga bakin waɗannan malamai. Ya tambaye su, suka ce masa ba wanda ke zaton mamaci na cin shinkafar. Ana yi ne don a ci gaba da yi wa iyaye hidima bayan mutuwarsu kamar yadda ake yi suna raye, yara kuma su gani su koya. Ya yanke cewa abin ba bautar gumaka ba ne, ladabi ne na zaman jama'a, kuma da sannu za a iya juya shi ya zama sadaka ga talakawa. Haka ya ɗauki rusunawar da ɗalibi ke yi a ɗakin tunawa da Konfushiyas in ya ci jarrabawa: godiyar almajiri ce ga malami. Ba komai Jesuit suka halatta ba. Sun hana ƙona kuɗin takarda don matattu, sun hana roƙon mamaci biyan buƙata, sun hana mabiyansu shiga babban bikin yanka da ake yi wa Konfushiyas sau biyu a shekara. Akwai kuma batun sunan Ubangiji. Ricci ya yi amfani da Tianzhu, wato Ubangijin Sama, amma ya yarda a ce Tian, wato Sama, ko Shangdi, wato Ubangiji Maɗaukaki, sunayen da ke cikin tsofaffin littattafan Sin, domin a ganinsa mutanen farko na ƙasar sun san Mahalicci. Magajinsa Niccolò Longobardo bai yarda da wannan ba tun a lokacin, saboda haka ko a cikin gidan Jesuit baki bai zo ɗaya ba.

Ko Rum ɗin ma a farko ba ta ƙi sassauci ba. A 1615 Fafaroma Paul na 5 ya amince limami a Sin ya rufe kansa da hula yayin ibadar Mas, tunda a can buɗe kai gaban babba raini ne.

Wutar ta kama ne da zuwan 'yan ƙungiyar Dominikan da na Faransiskan daga Manila ta ƙasar Filifin a farkon shekarun 1630. Ba fada suka nufa ba. Ƙauyukan lardin Fujian suka shiga, musamman yankin Fu'an, cikin manoma da masunta. Abin da suka gani da idonsu ya bambanta da abin da malaman Beijing suka gaya wa Ricci: an yanka alade, ana kiran ruhin kaka ya sauko, ana roƙon ruwan sama da haihuwar ɗa namiji, a jikin allon kuma an rubuta cewa nan ne mazaunin ruhin wane. Suka ce in wannan ba ibada ba ce, to mece ce ibada?

A nan ne, a ganina, gindin rikicin yake, kuma nan ne masu ba da labarin suka fi yin sauri su wuce. An saba nuna Jesuit a matsayin masu hankali, abokan hamayyarsu kuma jahilai masu taurin kai. Gaskiyar ita ce kowane ɓangare abin da ya gani ya faɗa. Malamin birni da ya ce tunawa ce kawai bai yi ƙarya ba. Tsohuwar ƙauye da ke roƙon mijinta marigayi ya kare jikokinta ita ma ba wasa take yi ba. Durƙuson iri ɗaya ne, niyyar ce ta bambanta, kuma a ɗaki guda ana iya samun duka biyun. Mai karatu da ya taɓa jin muhawarar malamanmu kan faɗuwa gaban sarki ko durƙusa wa iyaye, ko girmamawa ce ko ta wuce gona da iri, ya san irin wannan ƙulli. Sai dai a nan masu yanke hukuncin suna wata nahiya, ba su taɓa ganin allon ba, kuma wasiƙa kan yi shekara biyu ko fiye kafin ta je ta dawo.

Sakamakon haka Rum ta riƙa ba kowa amsa daidai da yadda ya tsara tambayarsa. Juan Bautista Morales, ɗan Dominikan, ya isa Rum a 1643 da tambayoyi 17, ya siffanta bukukuwan a matsayin hadaya, a 1645 aka hana. Jesuit suka tura Martino Martini ya siffanta su a matsayin al'adar ƙasa, a 1656 Fafaroma Alexander na 7 ya halatta. Da aka tambaya wanne za a bi, sai a 1669 aka ce duka biyun suna nan, gwargwadon gaskiyar abin da aka bayyana a kowanne. Wato kowa ya ci gaba da cin gashin kansa. A tsakanin nan, a 1659, ofishin yaɗa addini na Rum ya ba sababbin bishop-bishop umarni mai kyau: kada su matsa wa mutane su sauya al'adunsu muddin ba su saɓa wa addini ƙarara ba, kuma kada su kwaso Faransa ko Sifaniya ko Italiya su kai Sin. Umarnin bai faɗi wanda zai tantance abin da ya saɓa ƙarara ba. A ƙarƙashin duk wannan akwai siyasar Turai: Fotugal na iƙirarin ita ke da ikon naɗa bishop a gabas, Faransa na neman kutsawa, Jesuit kuma sun tara maƙiya a gida waɗanda ke neman sandar dukansu.

Abin takaici ga cocin shi ne rikicin ya tsananta daidai lokacin da ta fi samun shiga. Sarki Kangxi na daular Qing ya riƙe Ferdinand Verbiest a ofishin taurari da kalanda, ya koyi lissafi a hannun limaman, ya sa Jean-François Gerbillon da Tomás Pereira tafinta a yarjejeniyar Nerchinsk da Rasha a 1689. A 1692 ya fitar da dokar da ta ba Kiristoci 'yancin ibada. A 1693 zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, Jesuit Faransawa suka ba shi ɓawon itacen da ake samun kwinin, ya warke, ya ba su fili a kusa da fada suka gina coci. A wannan shekarar ce, a watan Maris, Charles Maigrot, Bafaranshen da ke shugabantar cocin Fujian, ya fitar da tasa dokar: a daina cewa Tian da Shangdi, a daina bukukuwan, a kuma sauke allunan da ke rataye a majami'u masu ɗauke da kalmomin "girmama Sama". Asalin rubutun nan da hannun Kangxi aka yi shi, kyauta ce ya yi wa Jesuit. Maigrot ya san haka.

Jesuit na Beijing suka yi abin da suke ganin zai kashe magana. A 1700 suka rubuta fahimtarsu game da bukukuwan, suka miƙa wa sarki, suka ce ya duba. Ranar 30 ga Nuwamba Kangxi ya amsa cewa abin da suka rubuta daidai ne, ba gyara. Wane ne ya fi shi cancantar faɗin ma'anar al'adar Sin? Shi ne shugaban bukukuwan ƙasar baki ɗaya. Amma a Rum takardar ta zama musu ƙaiƙayi koma kan masheƙiya, aka ce sun kai maganar aƙidar coci gaban sarkin da ba Kirista ba don ya yi musu alƙalanci. Kiristocin Sin su ma ba su yi shiru ba. A 1702 ɗaruruwansu, ciki har da masu digirin jarrabawar gwamnati, suka sa hannu a wasiƙu da takardun shaida zuwa Rum suna bayanin abin da suke nufi in sun durƙusa. Takardun sun isa, an adana su, hukuncin bai sauya ba. Ranar 20 ga Nuwamba 1704 Fafaroma Clement na 11 ya amince da hani.

Wanda aka ɗora wa aiwatarwa shi ne Charles-Thomas Maillard de Tournon, ɗan manyan gida daga Turin, mai shekara 30 da 'yan kai, marar lafiya, wanda bai san Sinanci ba. Ya isa Beijing a Disamba 1705. Kangxi ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya tura masa abinci daga fada, shi kuwa ya ɓoye ainihin abin da ke tafe da shi. Da sarki ya matsa masa kan batun al'adu, sai ya ce yana da masani, ya gabatar da Maigrot.

Ganawar da aka yi a watan Agusta 1706, a masaukin sarki na bazara arewa da Babbar Ganuwa, ita ce ta lalata komai. Maigrot ya shekara fiye da 20 a Sin, amma sai da aka sa masa tafinta, domin bai iya biye wa harshen fada ba. Kangxi ya nuna masa wasu haruffa huɗu da ke rubuce a bayan kujerarsa ya ce ya karanta, ya kasa kawo su. Ya tambaye shi game da littafin Ricci kan Ubangijin Sama, ya amsa cewa bai karanta ba. Sarki ya kwatanta shi da mutumin da ke tsaye a ƙofar gida yana ba da labarin abin da ke cikin ɗaki. A yi wa Maigrot adalci: kasa karatu a gaban sarki cikin rawar jiki bai rushe abin da ya gani a ƙauyukan Fujian ba. Amma ga Kangxi, wanda ke kwana da littattafan nan, maganar ta ƙare. A Disamba 1706 ya kori Maigrot, ya kuma ce duk ɗan mishan da ke son zama sai ya karɓi takardar izini da ake kira piao, bisa sharaɗin zai bi hanyar Ricci kuma ba zai koma Turai ba. Tournon ya mayar da martani daga Nanjing a farkon 1707: duk wanda ya halatta bukukuwan za a fitar da shi daga coci. Limamai suka shiga tsaka mai wuya, wasu suka karɓi takarda, wasu aka kore su. Shi kansa Tournon an kai shi Macau inda Fotugal suka tsare shi, labarin naɗa shi kadinal, muƙamin da ke bin na fafaroma, ya same shi a can, ya rasu a 1710.

Kangxi bai yanke ƙauna nan take ba. Ya tura Jesuit huɗu jakadu zuwa Rum. Biyu sun nutse a teku, ɗaya ya mutu a Turai, na huɗun, Antonio Provana, an riƙe shi shekaru, ya mutu a jirgi a hanyar dawowa a 1720. Da shiru ya yi yawa, a 1716 sarki ya sa aka buga wata sanarwa da jan tawada cikin Sinanci da Manchu da Latin, aka rarraba wa jiragen Turawa a Canton, yana cewa ba zai gaskata wata takarda daga Rum ba sai mutanensa sun dawo. Alhali tun Maris 1715 Clement na 11 ya sake jaddada hanin da doka mai ƙarfi. Jakada na biyu, Carlo Ambrogio Mezzabarba, ya zo a ƙarshen 1720. Da aka fassara wa Kangxi dokar ya karanta, sai ya rubuta a kanta cewa Turawan nan ba su san littattafan Sin ba, maganarsu ba ta da bambanci da ta ƙananan ƙungiyoyin bidi'a, gara a hana su wa'azi a huta. Mezzabarba ya yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar da wasu rangwame guda takwas, kamar halatta allon da ba komai a kansa sai suna, da rusunawa gaban akwatin gawa. Fafaroma Benedict na 14 ya soke su duka a Yuli 1742, ya wajabta wa kowane ɗan mishan rantsuwar biyayya kafin ya fara aiki a Sin, ya kuma hana sake tada maganar.

Kafin nan Sarki Yongzheng, ɗan Kangxi, ya haramta addinin a 1724, aka tattara 'yan mishan zuwa Canton daga baya Macau, ban da masu aikin taurari da zane da agogo a fada. Ba rikicin alluna kaɗai ya jawo haka ba. Wani Jesuit ɗan Fotugal, João Mourão, ya goyi bayan ɗan'uwan sarki a rigimar gadon sarauta, kuma Yongzheng na tsoron mutanen da ke jin maganar limaminsu fiye da ta hakimi. Ya tambayi Jesuit na fada yadda za su ji in ya tura ayarin sufayen Buddha ƙasashensu su yi wa'azi. Sai dai rikicin ne ya ba jami'ai hujjar da suke nema, cewa wannan addini na raba ɗa da ubansa.

Waɗanda suka biya kuɗin sabulu su ne Sinawa Kiristoci, da yawansu ya kai wajen 200,000 a farkon ƙarni na 18. Ɗalibin da ya ci jarrabawa dole ya rusuna a ɗakin Konfushiyas, hakimi dole ya halarci bikin, don haka hanin na nufin ɗan Katolika na gaskiya ba zai zama jami'i ba. Irin su Xu Guangqi suka daina fitowa. Wanda ya ƙi durƙusa wa allo kuwa yana iya rasa rabonsa a gonar zuri'a, a kira shi marar biyayya ga iyaye, zagin da babu kamarsa a can. Cocin ta koma ƙauye, tana ɓuya, masu koyar da tushen aƙidar coci da mata da suka ƙi aure don hidimar addini suna riƙe da ita. Duk da haka ba za a ce ta mutu ba. A Fu'an ɗin nan, inda Dominikan suka hana bukukuwan tun farko, iyalai sun maye gurbinsu da addu'o'in matattu, kuma Katolika na nan a yankin har yau. Wannan hujja ce da magoya bayan Ricci ba su cika son ambata ba.

Hukuncin ya tsallaka har Koriya, inda cocin ta fara ba tare da ɗan mishan ko ɗaya ba, ta hanyar littattafan da aka kawo daga Beijing. A 1790 bishop na Beijing ya sanar da su hanin. A 1791 wani malami mai suna Yun Ji-chung ya ƙona allunan gidansu, ya binne mahaifiyarsa ba tare da bukin gargajiya ba, aka fille kansa shi da ɗan'uwansa Kwon Sang-yeon a Jeonju. Fafaroma Francis ya ɗaga darajarsa zuwa sahun masu albarka, matakin da ke kafin na waliyyai, a Seoul a 2014.

Sauyin bai fito daga sabon nazarin littattafan Konfushiyas ba. Daga Japan ya ɓullo. A 1932 wasu ɗaliban jami'ar Sophia ta Jesuit a Tokyo suka ƙi rusunawa a wurin tunawa da sojoji na Yasukuni, sojoji suka fusata, cocin ta nemi bayani daga ma'aikatar ilimi, aka amsa mata cewa rusunawar kishin ƙasa ce kawai. A Manchukuo, ƙasar da Japan ta kafa a arewa maso gabashin Sin, hukuma ta ba da irin wannan amsa game da girmama Konfushiyas, Rum ta amince a 1935, ta amince wa Japan a 1936. Ranar 8 ga Disamba 1939, a farkon mulkin Fafaroma Pius na 12, aka fitar da umarni ga Sin: ɗan Katolika na iya halartar bikin girmama Konfushiyas, ana iya rataye hotonsa a makarantun coci, rusunawa gaban mamaci ko hotonsa ko allon da ke ɗauke da sunansa halal ce, rantsuwar 1742 kuma an ɗauke ta. Hujjar da aka kafa ita ce gwamnatin Sin ta sha bayyana cewa bukukuwan ba na addini ba ne. Irin shaidar da Kangxi ya bayar a 1700 aka ƙi ke nan, sai ga shi an karɓe ta daga hannun ma'aikatun gwamnati, har da na mulkin sojan Japan.

Umarnin bai ce hukuncin baya kuskure ne ba. Cewa ya yi zamani ya sauya, al'adun sun rasa ma'anarsu ta addini. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tunda an soke jarrabawar gwamnati a 1905, daular kanta ta faɗi a 1912, amma hanya ce kuma ta janyewa ba tare da an ce wani fafaroma ya yi kuskure ba. Cocin babban yankin Sin ba ta samu sararin cin moriyar sassaucin ba, domin ana cikin yaƙi da Japan, shekara 10 bayan haka kuma 'yan kwaminis suka karɓi mulki suka kori 'yan mishan. A Taiwan ne abin ya zauna, inda a farkon shekarun 1970 Kadinal Paul Yu Pin ya jagoranci bikin girmama kakanni a bainar jama'a lokacin sabuwar shekara, majami'u da dama kuma suka mayar da shi abin yi duk shekara bayan ibadar Mas.